Jafaru Dabo da Siton Jan Iri

Idan ka je Babban Mutum ka tambayi labarin Alhaji Jafaru Dabo, kafin a ba ka amsa sai an tambaye ka ko kai danginsa ne. In ka ce a'a, akwai labarin da za ka ji. In ka ce e, za a ce maka mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, a shiga zancen damina. Ni na zauna kusa da shi a Daura shekaru masu yawa, katangarmu ɗaya, masallacinmu ɗaya. Abin da na gani da wanda aka gaya mini zan faɗa. Wanda ban sani ba zan bar shi inda yake.

Shi ne autan Malam Dabo, wani manomi a Babban Mutum wanda bai taɓa riƙe sarauta ko fatauci ba. Uwarsu ta rasu yana ƙarami, yayarsa Kulu ce ta goya shi, shi ya sa har ya yi furfura ba ta kiransa da komai sai Auta. Ya yi firamare, ya wuce makarantar koyon aikin gona, ya dawo a farkon shekarun saba'in da keke da malafa, an ba shi malamin gona. Aikinsa ya bi ƙauyuka yana nuna tazarar shuka da yadda ake zuba takin zamani. Manoma su gyaɗa masa kai, su ba shi fura, in ya wuce su ci gaba da yadda suka saba.

Bai daɗe da kama aiki ba aka yi babban farin nan. Da bazara ta gaba ta shigo, rumbuna babu komai, sai gwamnati ta aiko da geron iri a raba. Irin gwamnati ba kamar na gida yake ba. Ana shafe shi da magani don kada ƙwari su ci shi a ƙasa, a kuma rina shi ja don kowa ya san ba na tukunya ba ne. Jafaru yana cikin zafin ƙuruciya, ya raba nasa kason tun da wuri, tun hadari bai fara haɗuwa ba, har aka yaba masa a ofis. Da ya koma wani ƙauye a arewacin Zango don ya ga ko an fara sharar gona, sai ya lura ruwan da ke fitowa daga rariyar gidaje ja-ja yake. A ƙofar wani gida ya tarar ana zaman makokin yara. Aka ce masa zazzaɓi ne. Ya zauna ya yi gaisuwa, ya hau kekensa ya dawo.

Wannan daga bakin Kulu na ji shi, ita ma ba ta ja zancen ba. Shi kuwa ban taɓa jin ya ambata ba, kuma wanda ya tashi a gidan noma ya san dalili. Manomi zai yarda ya gaya maka ya sayar da akuyar matarsa, ya yi ƙwadago a gonar ƙanensa, ya kwana da ruwa a ciki. Amma ba zai yarda a ce ya ci irinsa ba. Iri shi ne damin da ake ajiyewa can ƙarshen rumbu, ba a kallonsa ko yara na kuka. Wanda aka ce ya sussuke shi ya kai turmi, ya fita daga sahun magidanta ke nan, har jikokinsa sai an yi musu gori. Balle a ce na gwamnati mai magani ya wanke ya ba iyali.

Tun daga wannan shekarar Jafaru ya ɗauki wata hanyar aiki wadda bai sake ba har ƙarshe. Duk inda aka ba shi riƙon siton iri, mabuɗi ba ya zama wurin ma'aji, a aljihunsa yake. Ba ya buɗewa sai an yi ruwan shuka. Ranar da aka yi kuwa, ba ya zama ko na cin abinci. Zai cika motoci, ya bi inda hadarin ya bi, ya tsaya a bakin gonaki yana auna wa mutane a ƙwarya. Ranar da ƙasa ta jiƙa babu manomin da zai kai iri cikin gida. Daga mota sai rami. Bai taɓa yi wa kowa wannan bayanin ba. In an matsa masa sai ya ce, "Ba a yi ruwa ba." Har ma'aikatansa suka sa masa suna Sai-an-yi-ruwa, suna faɗa in ya ba da baya.

Matsalar ita ce mutanenmu na arewa, masu jigawa, ba sa jiran ruwa. Binne suke yi. A sare ƙasa tana bushe, a zuba iri a take, ya kwanta yana jira. Ruwan farko na sauka ya tsiro. Mai binne yana riga mai jira, kuma a ƙasar da damina gajera ce, wannan ɗan rigen shi ne bambancin cikakken rumbu da rabinsa. Saboda haka kowace bazara sai an yi gunaguni a kan Jafaru. Amma a shekarun da aka samu amfani kowa yana da irinsa na gida, na gwamnati ƙari ne, gunagunin ba ya wuce majalisa.

Haka ya yi ta hawa a hankali. Ya zauna Zango, ya zauna Baure, aka tura shi ƙaro karatu Zariya ya dawo. Da aka yi jihar Katsina aka dawo da shi Daura, daga baya duk harkar iri ta wannan ɓangaren ta koma hannunsa. Ba shi da yawan abokai. Ba ya karɓar kaza ko zabo in ya je ƙauye, abin da mutanen ƙauye ba sa ɗauka da kirki. Cewa suke raina musu ya yi, ko kuma babba yake jira. Tsararrakinsa sun yi gidajen sama, shi yana nan a gidan ƙasa mai daɓen siminti, da tsohuwar mota da sai an tura. Sai aka ce a Kano ya yi nasa gidajen, da sunan matarsa. Wasu suka ce a Damagaram suke. Babu wanda ya taɓa ganinsu, wannan kuma ya ƙara tabbatar wa mutane cewa ya iya ɓoyo.

Da aka ƙaddamar da shari'a, abubuwa da yawa da a da ake cizon yatsa a kansu suka samu inda ake kai su. A garuruwa da dama malamai da dattawa suka haɗu suna sauraron koke-koke kafin magana ta kai gaban alƙali. Ɓoye abinci lokacin tsada yana cikin abin da aka fi yi wa wa'azi, kuma kowa ya ji daɗin hakan, don mun sha wuya a hannun masu sito. A Babban Mutum wanda ke jagorantar irin wannan zama shi ne Malam Jibril, mutum mai karatu, mai kaifin harshe a kan mumbari, amma ba mai neman fitina ba. Shi ma manomi ne.

Sai aka zo shekarar da fara ta sauka a Nijar, damina kuma ta ɗauke da wuri har a namu ɓangaren. Bazarar da ta biyo baya, ta dubu biyu da biyar, ba wanda ya gan ta zai manta. Mutanen tsallake suka riƙa shigowa da buhunan wofi a ka. Gero ya yi tsadar da ba a taɓa ji ba. A ƙauyukan bakin iyaka, masu rumbu biyu da uku suka koma sayen awo, waɗanda ba su da abin saye suka koma ganye. Ba a maganar irin gida. In ka tambayi mutum sai ya ce ɓera ya ɓata masa.

A wannan shekarar gwamnati ta aiko da jan iri da wuri, mai yawa, don mutanen iyaka. Motar ofis ba ta da taya, sai Jafaru ya ari akori-kurar ɗan kawunsa Amadu, wani ɗan kasuwar hatsi, aka kwashe kayan daga Daura zuwa siton Babban Mutum. Kowa ya ga ana saukewa. Jafaru ya kulle, ya sa mabuɗi a aljihu, ya koma Daura. Bayan 'yan kwanaki aka ga akori-kurar nan ta Amadu ta nufi Magarya, can tsallaken iyaka, an rufe bayanta da tamfol. Ruwa kuma ya ƙi zuwa. Mutane sun gama shara, sun wasa sungumi, babu abin binnewa.

Daga nan magana ta tashi cewa siton wofi ne, Jafaru da Amadu sun tsallakar da iri sun sayar. A lokacin saura masa ƙasa da shekara biyu ya ajiye aiki, kuma ana ta cewa shi za a ba darakta ya fita da ita. In zargin nan ya tabbata, ba darakta kaɗai zai rasa ba. Kora ce ba fansho, da tsayuwa gaban alƙali a garin da aka binne ubansa.

Ranar kasuwar Babban Mutum ya je ya sami Amadu a rumfarsa. Taubasai ne, ba sa gaisawa sai da zagi.

"A'a, ɓarawon gwamnati, sannu da zuwa," in ji Amadu. "Kasonka ka zo karɓa?"

"Rufe mini baki, bawa. Me ka kai Magarya a motar nan?"

"Albasa."

"A rufe da tamfol?"

"To a buɗe zan kai ta, rana ta soya mini ita a hanya? Kai da ka yi karatun gona har Zariya."

"Ka san abin da ake faɗa?"

"Na sani mana. An ce ni na sayi sabuwar mota, kai ka ƙara aure a Damagaram. Ni dai har yanzu ban ga motar ba. Amarya fa, ta saba da ruwan Daura?"

Jafaru bai yi dariya ba. Amadu ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Buɗe musu siton nan, ɗan'uwa. Jiya a masallaci wanda ke gefena sai da ya matsa ya bar fili tsakaninmu. Shekara nawa ina auna wa mutumin nan hatsi."

"Ba a yi ruwa ba."

"Kai da ruwan nan sai ka ce kwaɗo. To in ba a yi ba har wata mai zuwa fa?"

Jafaru ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ko albasa ce a ƙarƙashin tamfol ɗin, ni ban ɗaga na gani ba. Amadu ba mutumin da za ka yi rantsuwa a kansa ba ne, kuma a shekarar nan motoci da yawa sun tsallaka da abin da ba albasa ba.

Daga kasuwa ya wuce gidan Kulu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana riƙe da jikoki. Ya same ta a gindin murhu tana juya ganyen tafasa a tukunya, da ɗan garin da bai kai a kira shi gari ba. Da ta gan shi ta ja faifai ta rufe.

"Auta, sai yau?"

"Aiki ne, Yaya. Na aiko da gero makon jiya, bai iso ba?"

"Ya iso. Gidan nan ni kaɗai ce a unguwa? Kowa da ya ji ƙarar turmi sai ya aiko gaisuwa." Ta gyara zama. "Ka faɗa musu mana. Ka tsaya ka ce ga abin da kake gudu, ka huta, mu ma mu huta. Jiya a rijiya ko sannu ba a yi mini ba."

"In ce musu me, Yaya? In tsaya gaban mai gari in ce mazan Babban Mutum za su ci iri?"

Ta ƙara tura kara cikin wuta. Can ta ce, "To ni ka auna mini kwano biyu. Zan yi binne a gonar bayan gida."

Ya dubi tukunyar, ya dubi jikokin da ke zaune a inuwa ba sa wasa.

"Gobe zan sake aiko da gero."

"Iri na ce."

"Na ji, Yaya."

"Har da ni, Auta?"

Ita ta gaya mini cewa ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa yana gyara takalminsa, takalmin da ba shi da abin gyarawa.

Koke ya kai ga Malam Jibril, ya kuma kai Katsina. Aka turo wani jami'i daga hedikwata, aka sa zama a ƙofar gidan mai gari bayan la'asar. Jafaru ya roƙe ni in raka shi, ina jin don motar tana bukatar mai turi. Fili ya cika. Kowa ya sa rigarsa ta Juma'a, sai dai rigunan sun yi wa wuyoyi yawa.

Malam Jibril ya yi addu'a, ya juyo.

"Alhaji, ba za mu ja ka da nisa ba. Irin nan naka ne ko na jama'a?"

"Na jama'a ne, Allah gafarta Malam."

"Yana nan?"

"Yana nan."

"To me ya hana a ba masu shi?"

"Ba a yi ruwa ba."

Wani daga baya ya ɗaga murya: "Ruwan ma a aljihunka yake?" Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Malam Jibril ya ɗaga hannu.

"Alhaji, kai ɗan garin nan ne. Mahaifinka binne yake yi, dattawan nan sun shaida. Ka faɗi dalilinka. In mai ƙarfi ne, wallahi ni da kaina zan zauna a ƙofar siton nan in tsare maka. In kuwa babu, ka sani riƙe haƙƙin mutane zalunci ne ko ba a taɓa ƙwaya ɗaya ba."

Ina kusa da shi, na ga yadda ya bi fuskokin da kallo. Akwai waɗanda aka yi musu kaciya tare, akwai waɗanda suka ɗauki gawar ubansa. Magana ɗaya ce za ta fitar da shi, jami'in Katsina ma zai fahimce ta nan take, don ya san abin da jan launin yake nufi. Amma da ta fita, kowane magidanci a filin nan sai ya sunkuyar da kai a gaban 'ya'yansa, kuma baƙo na zaune yana ji.

"Ba ni da abin da zan ƙara," in ji shi.

Aka yanke cewa gobe da hantsi za a buɗe sito a gaban kowa. In kaya na nan a raba a take. In babu, magana ta wuce wurin alƙali. Jami'in Katsina ya ce shi ma umarnin da ya zo da shi ke nan.

Da hantsi har daga ƙauyuka an zo, mata da ƙore, maza da buhuna. Jafaru ya ciro mabuɗi ya buɗe da kansa. Buhuna ne jere har kusa da rufi, ɗinkinsu na asali ko zare bai motsa ba. Jami'in ya shiga ya duba ya fito, ya ce kaya sun cika. Ba a yi sowa ba. Na ga wasu kamar ba su ji daɗi ba, don sun riga sun gama gina gidajen Damagaram a bakinsu. Amadu yana gefe yana tambayar na kusa da shi ko yanzu za a yarda a tsaya kusa da shi a sahun salla.

A nan da Jafaru ya koma gefe ya bar ma'aikata su auna, da ya fita da sunansa da kujerarsa. Sai ya sa aka shimfiɗa tamfol a ƙofar sito, aka farke buhun farko aka baza. Ya shiga can ƙuryar siton ya fito da garwa. Ashe akwai su da yawa a bayan buhunan, ya tanade su tun ranar da aka sauke kaya. Ya tsoma tsintsiya ya fara yayyafawa a kan geron, yana sa ana juyawa da shebur. Kafin a ce wani abu warin kananzir ya cika filin.

"Alhaji, mene ne haka?" in ji Malam Jibril.

"Maganin tururuwa ne, Malam. Ai binne za a yi. In iri ya daɗe a busasshiyar ƙasa, tururuwa da zabi tone shi suke yi."

Jami'in Katsina ya matso, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma na ji.

"Yallaɓai, wannan ba ya cikin ƙa'ida. Da maganinsa ya zo. Kananzir yana kashe idon iri, ka fi ni sani."

"Yana kashe wasu."

"Dole in kai rahoto."

"Aikinka ne. Ka kai."

Ya ci gaba da yayyafi. Mutane suka fara hayaniya, wasu na cewa haushin an tona shi ne, tunda bai samu ya sayar ba gara kowa ya rasa. Sai wata tsohuwa da kowa ke kira Iya, wadda ta zo tun da sassafe ta kama gaban layi, ta dafe kai ta kwarma ihu.

"Wayyo, ya lalata shi! Ɗan nan ka cuce mu! Ko sau nawa aka wanke, warin nan ba zai fita ba!"

Hayaniyar ta tsaya cak. Iya ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta. Babu wanda ya kalle ta, babu wanda ya kalli ɗan'uwansa. Maza suka shiga duban buhunan da ke hannunsu kamar yau suka fara ganinsu. Malam Jibril ya dubi tsohuwar, ya dubi Jafaru, ya daɗe yana dubansa, sannan ya mayar da idonsa ƙasa.

"Ƙasa ba ta jin wari, Iya," in ji Jafaru. "Kawo ƙwaryarki."

Ya auna mata da hannunsa, ya ƙara mata a kai. Malam Jibril ya naɗe hannun rigarsa ya karɓi shebur daga wani lebura, ya ce a yi layi. Har azahar ana rabo, buhu bayan buhu, kowanne sai ya sha tsintsiya. Kulu ta zo can wajen ƙarshe. Ta miƙa ƙwarya, ya auna mata, ta wuce. Da yamma duk gonakin da ke bakin hanya ana ta sara ana takewa, don ba abin da za a yi da geron nan a cikin gida, ko kaza ba ta kusantarsa.

Rahoto ya tafi Katsina kamar yadda aka ce. Ba a same shi da sata ba, an same shi da jinkirta rabo da ɓata kayan gwamnati. Waɗanda suka kai koke tun farko suka so a sake haɗa wani a kan kananzir, suka je wurin Malam Jibril. Ya ce musu shi ya gama da wannan maganar. Suka tambaye shi dalili, ya ce lokacin salla ya yi. A huɗubarsa ta wannan makon bai ambaci sito ba, ya yi magana ne a kan haƙƙin maƙwabci, ya ce wanda ke da kwano biyu ya leƙa katanga. An ce daga ranar ya riƙa bi gida-gida wurin masu hali da kansa, ana haɗa hatsi ana kaiwa inda ya nuna, ba tare da an kira sunan kowa ba.

Ruwa ya sauka bayan kamar mako biyu. Gero ya tsiro, wani wuri da kyau, wani wuri giɓi-giɓi kamar bakin tsoho. Inda tsintsiya ta yi nauyi an yi asara, wannan ba a musu. Mutane suka yi ta dashe suna cike gurabe, suna ambaton sunan Jafaru ba da alheri ba. Da kaka aka samu abin da aka samu, ba a cika rumbu ba, ba a kuma yi hijira ba. A wani gari can gabas, inda wani jami'in ya raba nasa da wuri aka yaba masa, an ce an yi fama da ciwon ciki a bazarar. Ban je ba, ji na yi.

Kafin a yi girbi aka ɗauke Jafaru daga Daura aka mayar da shi hedikwata. Aka ba shi ofis mai fanka da tebur, ba sito, ba mota, ba wanda ke shigowa sai mai kawo jarida. Darakta aka ba wani da ya taɓa yin aiki a ƙarƙashinsa. Ya riƙa zuwa Katsina ranar Litinin a motar haya ya dawo Juma'a, har lokacinsa ya cika ya ajiye aiki da muƙamin da yake da shi. Fanshonsa bai taɓu ba. An yi masa ɗan taron sallama a ofis, aka ba shi agogon bango.

Ya rayu shekaru bayan haka, yana noma 'yar gonarsa a hanyar Zango. Shi ma binne yake yi, da irin gida. Kulu ta ci gaba da kiransa Auta, amma ba ta sake roƙonsa komai ba har ta rasu, ko gishiri. Amadu yakan zo ranar kasuwar Daura ya zauna a zaurensa ya ci abinci, ya tambaye shi labarin amarya. Sau ɗaya, muna zaune mu uku, Amadu ya ce masa, "Da ka bar su sun auna abinsu, da yanzu kana darakta mai ritaya, ina shiga motarka mai sanyi." Jafaru ya ce masa ya ci tuwonsa kafin ya huce.

A Babban Mutum har yau ba a daidaita a kansa ba. An bar zancen Magarya, tunda kowa ya ga buhuna da idonsa. Abin da ake tambaya yanzu shi ne kananzir. A shekarar nan ko na fitila wuya yake yi, sai ka bi layi a gidan mai ka dawo da kwalba a wofi. To ina mutum mai tsohuwar mota ya samu garwa-garwa har ya jiƙa sito guda? Wasu sun ce gonar gadonsa ya jinginar. Wasu sun ce cikin wanda Amadu ke tsallakarwa ne aka rage. Na taɓa tambayar Amadu bayan rasuwar Jafaru. Ya ce shi albasa yake sayarwa.